Dagin Arewa da darasin warware ƙulli a lissafi

Duk wanda ya ƙura wa dagin Arewa ido, a gaban babbar riga ko a bangon soro, ya san dabarar da ake yi a inda zare biyu suka gitta juna: ɗaya ya hau, ɗaya ya bi ta ƙasa, ido kuma ya bi kowanne har ƙarshensa bai ɓata ba. A kan irin wannan dabara aka gina wani babban fanni na jometiri, wato warware ƙullin siffofi. Saboda ita ne ya kamata malaman lissafi a Zuru da kewayenta su ɗauki zane mai tsabta a matsayin ɓangare na darasin kansa.

Ƙulli a nan shi ne ɗigon da lanƙwasa ta rasa santsinta, ko ta gitta kanta ko ta yi tsini. A ɗauki y² = x² + x³. Idan aka zana ta, za a ga madauki kamar na zarge, reshe biyu sun haɗu a inda x da y duk suke sifiri. A wannan ɗigo ba a iya cewa ga inda lanƙwasar ta dosa, domin reshe ɗaya na hawa da karkata 1, ɗayan na sauka da karkata −1. Maganin shi ne a ba kowane ɗigo tsayi daidai da karkatar layin da ya haɗa shi da ɗigon ƙullin. A lissafe, sai a sa y = tx, a raba da x², abin da ya rage shi ne t² = 1 + x, lanƙwasa sumul ba ƙulli. Reshen farko ya koma hawan t = 1, na biyu hawan t = −1, kamar hanyoyi biyu da aka raba da gadar sama. Ashe madaukin da muka fara gani inuwar wata lanƙwasa ce mai santsi. Oscar Zariski ya nuna ana iya irin wannan warwara ga siffofi masu fuska uku a 1944, sannan ɗalibinsa Heisuke Hironaka, mutumin Japan, ya tabbatar da ita ga kowane adadin fuskoki a irin lambobin da muka saba da su a 1964, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Fields a 1970.

To, yaya za a nuna wa ɗalibi wannan a takarda? Zanen na bukatar abu huɗu: shimfiɗar ƙasa ɗauke da madaukin, lanƙwasar da aka ɗaga a samansa, layi a tsaye bisa ɗigon ƙullin, da tsinka-tsinkan layuka masu saukowa daga hawa biyun zuwa wuri guda. Inda wani reshe ya bi ta bayan wani, dole a ɗan katse na bayan, kamar yadda mai zanen dagi ke yi. Wannan 'yar tazara ce ke ɗauke da ma'anar duka, ita ce kuma ke fara ɓacewa idan aka ɗauki hoton allo da waya, aka tura ta WhatsApp, aka buga, aka sake yin fotokwafi. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo-ɗigo ne, da an faɗaɗa shi sai ya yi dishi-dishi. Zanen vekta kuwa umarni yake ajiyewa, cewa a ja layi daga nan zuwa can da kauri kaza, don haka ko a fuskar waya ko a faɗin bango kaifinsa ɗaya. Manhajojin yin sa, irin su Inkscape da GeoGebra da TikZ, kyauta ake samunsu.

Wani zai ce wannan lissafin manyan masana ne, ina ruwan garin noma da shi? Amsar ita ce hannun da ya iya zana ƙulli dalla-dalla shi zai zana taswirar gona, hanyar ban ruwa da jadawalin amfanin gona, abubuwan da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, za su yi ta cin karo da su. Wani kuma zai ce zane ba hujja ba ne, yana ma iya ruɗarwa. Wannan gaskiya ne, don siffofin da Hironaka ya yi aiki a kansu ba sa zanuwa a takarda. Amma wanda bai ga reshe biyu sun rabu a misali mai sauƙi ba, haddar y = tx kawai zai yi, ya zubar bayan jarrabawa. Shi ya sa ya dace kwamfuta ta fitar da lanƙwasar daga lissafinta, kada a ja ta da ka, domin zane da hujja su faɗi magana ɗaya.

Saura batun ƙarancin wuta da kwamfuta, wanda ba a musunsa. Sai dai zanen vekta sau ɗaya ake wahalarsa. Fayil ɗin ƙarami ne, ana iya sauya rubutun jikinsa zuwa Hausa ko C'lela ba tare da an taɓa layukan ba, kuma malami guda a Zuru zai iya wadata makarantun Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu da shi. Yaron da ya tashi yana ganin dagi a rigar mahaifinsa ya riga ya san zare na hawa kan zare. Haƙƙinsa ne a miƙa masa takardar da wannan tazarar ke fitowa fes.