Yaron da ya ce "zamna" bai yi kuskure ba

A ajin firamare a Kano ko Kaduna, sai ka ga an tambayi baƙon yaro biyu da uku nawa ne, ya ce "biyat". Aji ya kwashe da dariya, malam ya ce, "Kai, gyara bakinka, wannan ba Hausa ba ce." Lissafin yaron daidai yake, amma daga ranar ba zai ƙara ɗaga hannu ba.

Alhali Hausa ce tsantsa, wadda ya sha a nono a Sakkwato ko Tawa. Hausar da muke karantawa a littafi zaɓen ta aka yi. Hans Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, aka kafa Hukumar Hausa a 1955, kuma aka ɗora daidaitacciyar Hausa a kan Kananci. An yi haka ne domin a samu hanyar rubutu guda, kuma ya yi amfani ƙwarai. Sai dai bai mai da Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci da Damagaranci gurɓatacciyar magana ba.

Masana harshe ma sun nuna cewa Hausar yamma ta riƙe tsofaffin siffofin da Kananci ya sauya. Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana yadda wasu baƙaƙe a ƙarshen gaɓa suka rikiɗe suka koma "u". Ta haka "zamna" ta zama "zauna", "amre" ya zama "aure", "sabka" ta zama "sauka". Wato yaron da ake yi wa dariya shi ne ke riƙe da furucin kakanni. Da wannan karin Narambaɗa ya yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'inmu yau, babu wanda ya ce ya gyara bakinsa.

Ba a furuci kaɗai abin ya tsaya ba. Yaron da aka horar a gida ya sunkuyar da kai gaban babba, in malam ya daka masa tsawa ya ce ya dube shi ido da ido, an sa shi zaɓi tsakanin tarbiyyar uwarsa da umarnin makaranta. Haka yarinyar da ta zo kan sunan mahaifinta a littafin karatu ta yi turus, ta kasa faɗa. Kunya ce ta riƙe ta, sai a ɗauka ba ta iya karatu ba.

Dole yaro ya koyi daidaitacciyar Hausa, domin da ita zai rubuta jarrabawa, da ita zai karanta jarida. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake koya masa. Malami na iya cewa, "A garinku haka ake faɗi, a rubutu kuwa ga yadda muke yi," ya rubuta duka biyun a allo, sauran yara su ma su ƙaru.

Malamai, in yaro ya ce "shina zuwa", ku karɓi amsarsa tukuna, gyaran rubutu ya biyo baya. Kwalejojin ilimi kuma su sa darasin karin harshe a horon kowane malamin firamare, har da wanda lissafi zai koyar.