FASHIN BAƘI: Abin da binciken likitan tiyata kan dajin hanji ke nufi ga majinyacin Zamfara

A ranakun kasuwa a Tsafe da Bunguɗu, ba a rasa mai maganin gargajiya da lasifika yana tallar maganin basir. Wanda ya ga jini a bayan-gidansa yakan tsaya a nan ya saya, domin kunya ba ta barin mutane da yawa su kai irin wannan kuka asibiti. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma wani lokaci ciwon dajin babban hanji ne, kuma watannin da aka ɓata ana shan jiƙo su ne watannin da wuƙar likita za ta iya cire shi.

Wannan matsala ce Farfesa Olusegun Alatise, likitan tiyata a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ya daɗe yana nazari a kanta. A 2013 shi da Dokta Peter Kingham na cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke Amurka suka kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO, wadda ke tattara bayanan majinyata daga asibitocin Najeriya.

Abubuwa uku da binciken ya gano

Na farko, a 2018 sun wallafa nazari kan masu zubar jini ta dubura. Sun gano cewa idan jinin ya haɗu da rama da kuma sauyin yanayin bayan-gida, yiwuwar ciwon daji ta ƙaru sosai. Amfanin wannan shi ne, ma'aikacin lafiya a ƙauye ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane wanda ya kamata a tura gaba. Tambayoyi uku sun ishe shi.

Na biyu, a 2021 mujallar Nature Communications ta buga kwatancen da suka yi tsakanin majinyatan Najeriya da na Amurka. Na Najeriya sun fi ƙarancin shekaru, kuma ciwon ya fi kama su a ƙarshen hanji. Kusan kashi 28 cikin 100 na ƙarin da aka gwada suna da wani lahani da ke hana ƙwayoyin halitta gyara kura-kuransu, wato kusan ninkin abin da aka samu a Amurka. Irin wannan ƙari yakan ji magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Batun ƙarancin shekaru bai tsaya a kudu ba. Wani nazari da likitocin Kano suka wallafa a 2005 kan majinyata 50 ya nuna matsakaicin shekarunsu bai kai 45 ba.

Na uku, a wani nazari da suka wallafa a 2022, sun gwada bayan-gidan mutum sama da 2,000 a jihohin Osun da Kwara da Legas, suna neman ɓoyayyen jini. Kusan ɗaya cikin biyar ya nuna alama, amma da aka leƙa hanjinsu da na'ura, kaɗan ƙwarai ne ke da ciwon. Darasin a nan na masu tsara kasafi ne: gwajin gama-gari irin na ƙasashen Turai zai cika asibitoci da masu lafiya, alhali na'urorin ba su wadata ba.

Inda binciken ke tsayawa

Jami'o'i na auna malami da yawan maƙalunsa da yawan masu ambatonsu. Majinyacin Zamfara ma'auninsa daban ne. Daga babban asibitin garinsu za a tura shi Gusau, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ciwon ya kai a gasa shi da na'ura, sai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Ahmadu Bello a Shika. Hanyar Sakkwato ta Bunguɗu take bi, ta Zariya kuma ta Tsafe, dukkansu hanyoyin da 'yan bindiga suka sha tarewa.

Akwai kuma batun kuɗi. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara ya soma ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Dajin hanji bai shiga jerin farko ba.

A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Masu bibiyar kasafin jihar na da abin tambaya bayan gyaran gine-gine: na'urar leƙa hanji nawa ke aiki a asibitocin gwamnati, likitoci nawa suka iya sarrafa ta, kuma wa ke rubuta adadin masu ciwon?

Mafi sauƙi cikin abin da za a iya yi yana Tsafe, inda Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta jihar ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Koya musu tambayoyin nan uku, jini da rama da sauyin bayan-gida, ba ya buƙatar kwangila. Da su ne mai zubar jini ke fara haɗuwa idan maganin kasuwa ya gaza.