Rumbun Takardu a Intanet: Ina Ruwan 'Yan Kasuwar Dole da Aikin Malaman Jami'a?

Duk wanda yake da ɗa ko 'ya a jami'ar Damagaram ya san cewa ba ɗalibi kaɗai ke karatun ba, har da aljihun iyayensa. Kuɗin fotokofi, kuɗin kabu-kabu, kuɗin abinci, daga ribar goro da atamfa da ƙuli-ƙuli suke fitowa. Idan shekarar karatu ta zarce lokacinta, ko sakamakon jarrabawa ya makara wata biyu, uwar da ke zaune a kasuwar Dole ita ce ke ci gaba da ciyarwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna da ku a kan wani sabon tsarin aiki da jami'o'in duniya suka runguma, wanda namu ma ba su da makawa sai sun shiga cikinsa.

Da farko mu tuna inda aka fito. A shekarar 2010 ne gwamnati ta kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa, domin rage wa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai nauyi. Tamu ta Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan marigayi Farfesa André Salifou, ɗan garin nan, masanin tarihi da ya rubuta littafi a kan daular Damagaram, ya kuma jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Allah Ya yi masa rasuwa a 2022. Tun kafuwar waɗannan jami'o'i, ƙarancin malamai ya sa ana gayyato wasu daga Yamai su zo su ba da darasi na 'yan kwanaki su koma. Tsakaninmu da Yamai kuwa tafiyar kusan kilomita 900 ce. Malami ya tafi da takardun jarrabawa a jaka, ɗalibai sai jira.

To, mene ne wannan tsari? Masana suna kiransa aiki a cikin gajimare, amma kada sunan ya ruɗe ku, babu abin da ke rataye a sama. Wasu manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci a ƙasashen waje, inda kamfanoni irin su Google da Microsoft suke ajiye wa mutane takardunsu. Fatake sun san irin wannan tun zamanin Sarki Tanimu: ka sauke kayanka a ɗakin ajiyar fatoma a Kano, ba ka kwana a kansu, amma duk ranar da ka aika za a fito da su. Bambancin kawai shi ne, wannan ɗakin ajiya ana buɗe shi daga ko'ina, da salula ko kwamfuta, muddin kana da kalmar sirrinka.

Jami'a takan buɗe wa kowane ma'aikaci adireshin wasiƙa da sunanta, da wurin ajiya, da hanyar yin taro ta bidiyo. Abin da ya fi burge mu shi ne takarda guda da mutum da yawa za su iya rubutu a cikinta lokaci ɗaya. Alal misali takardar maki: malamin da ke Yamai ya zuba nasa, na Damagaram ya zuba nasa, magatakarda yana kallo daga ofishinsa, kuma na'urar tana rubuta wanda ya taɓa kowace lamba da sa'ar da ya taɓa ta. Uwar adashi za ta gane amfanin wannan fiye da kowa. Littafi ɗaya ne, kowa na ganinsa, ba mai goge suna a ɓoye. Ga shi kuma ba ruwansa da gara, ko ɗigar damina, ko 'yar kile da ta faɗi a cikin mota.

Annobar korona ce ta tona asirin rashin shiri. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu da jami'o'in Nijar, ba a sake buɗewa ba sai farkon Yuni. Jami'o'in da suka riga suka saba da Teams na Microsoft, ko kayan aikin Google, ko manhajar Moodle da ake samu kyauta, sun ci gaba da darasi a ƙasashensu. A nan kuwa mafi yawa WhatsApp aka dogara da shi, wanda ya yi rana ba shakka, amma ba a gina shi don ajiye takardun hukuma ba. Wayar malami ta ɓace, darasin ya bi ta.

To sai dai kuma, ba a ɗora wa jaki kaya sai an duba bayansa. Matsala ta farko wuta ce. Yankinmu da na Maraɗi sun daɗe suna shan lantarki daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ba mu manta da abin da ya faru ba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya sa aka yanke layin, aka shafe watanni sai a farkon 2024 wuta ta dawo. Masu sayar da ƙanƙara da masu injin markaɗe sun ɗanɗana. Ofishin da duk takardunsa ke intanet, ranar da babu wuta babu aiki, sai in yana da faranti mai aiki da hasken rana. A ganinmu duk jami'ar da za ta shiga wannan tsari, da faranti da batir ya kamata ta fara, kafin a kira taron ƙaddamarwa a raba lemo.

Ta biyu ita ce layin intanet kansa. Akwai aikin shimfiɗa wayar gilashi da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, kuma reshensa ɗaya ya bi daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. A 2025 kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar nan. Hanya dai tana buɗewa. Amma malamin da zai sayi kiredi da albashinsa domin ya yi aikin hukuma, ba zai daɗe yana yi ba.

Sai maganar kyauta. Kamfanonin nan sukan ba makarantu kayan aikinsu na farko ba tare da biya ba, kuma ɗan kasuwa ya san ma'anar ɗanɗano. Google ya shafe shekaru yana ba jami'o'i wurin ajiya mara iyaka, sai a 2022 ya sa iyaka, wanda ke son ƙari ya biya. Jami'o'i da dama a duniya sai da suka yi ta share takardu ko suka buɗe jaka. Wanda ya riga ya kwashe hatsinsa ya zuba a rumbun wani, ba shi da bakin ciniki sosai.

Akwai kuma tambayar da iyaye ya kamata su yi: sunayen 'ya'yanmu, hotunansu da makinsu, a hannun wa suke? Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya, wajibi ne a san ƙasar da za a ajiye bayanan, da yadda za a ɗauko su idan an raba gari.

Game da ma'aikata, kada a tsaya kan farfesoshi. Magatakarda da ma'aji da mai kula da rajista, waɗanda suka yi shekara ashirin da biro da hatimi, su ne takardun ɗalibai ke bi ta hannunsu. Horon kwana biyu a otal ba zai isa ba. Suna buƙatar wanda zai zauna kusa da su a ofis har hannu ya faɗa, kamar yadda da yawa daga cikinku kuka koyi aika kuɗi ta Nita ko Amana a wurin yaran shagonku. A kuma ja musu kunne kan kalmar sirri, domin masu damfarar da ke kiran ku a waya suna cewa kun ci kyauta, irinsu ne ke aika wa ma'aikatan jami'a wasiƙun bogi suna neman ta.