Yadda Kuɗin Talabijin Ya Raba Maƙwabta a Jami'o'in Amurka

Daga cikin al'adun mutanen Amurka da baƙo kan jima bai gane kansu ba, akwai matsayin da suka ba wasan ƙwallo a jami'o'insu, domin kuwa a ƙasashe da yawa jami'a wurin neman ilmi ce kurum, wasa kuma abin motsa jini ne bayan an tashi daga darasi, alhali su a wurinsu ƙungiyar ƙwallon jami'a kan zama abin alfaharin jiha sukutum, har a jihohi da dama mai horar da 'yan wasan ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Ƙwallon da ake nufi shi ne irin nasu mai siffar ƙwai, wanda ake runguma a ruga da shi ana bangazar juna, kowa sanye da hular kwano. Filin wasan Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor yana cin mutum fiye da 107,000, kuma ranakun Asabar, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, maƙil yake cika, tsofaffin ɗalibai da 'ya'yansu da jikokinsu su yi sammako su kafa rumfuna a wurin ajiye motoci, su gasa nama, su yi ta hira har a buɗe ƙofa.

Tun a 1869 aka fara wannan wasa tsakanin jami'o'i, ranar da Rutgers ta kara da Princeton. Da abin ya yaɗu, sai jami'o'in kowane yanki suka ga maslaha ce su haɗu cikin rukuni guda, su yi ittifaƙi a kan sharuɗɗan wanda ya cancanci shiga wasa, su tsara wa zai ziyarci wa, su kuma fitar da zakara a ƙarshen shekara. Ta haka aka kafa rukunin Big Ten a tsakiyar ƙasar a 1896, da na gaɓar Tekun Fasifik a 1915, wanda daga bisani ya zama Pac-12, da SEC na jihohin kudu maso gabas a 1932, da ACC na gaɓar Atlantika a 1953. Tushen kowane rukuni maƙwabtaka ce, gwargwadon nisan da jirgin ƙasa zai kai ɗalibai su yi wasa su komo kafin darasin Litinin. Ya kamata mai karatu ya lura da wani bambanci: a nan babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni don an sha kashi, babu hawa don an yi nasara, sai dai shugabannin jami'o'in rukunin su zauna su jefa ƙuri'a a kan wadda za su gayyata. Saboda haka shiga da fita al'amari ne na shawara da ciniki, kuma a nan ne kuɗi ya sami ƙofa.

An fara nuna wasan jami'a a talabijin a 1939, amma ba a daɗe ba sai hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta tsorata cewa idan mutane suka saba kallo a gida filaye za su zama kufai. Daga 1951 ta riƙe ragamar abin a hannunta, ita kaɗai ke ciniki da gidajen talabijin, ita ke ƙayyade yawan wasannin da za a nuna da kuma sau nawa jami'a guda za ta bayyana. Jami'ar Pennsylvania ta yi yunƙurin sayar da wasanninta da kanta a wannan shekarar, aka yi mata barazanar ƙauracewa, ta janye. Haka aka zauna shekara talatin, manyan jami'o'i suna gunaguni cewa su ake son kallo amma ana raba amfanin da waɗanda ba mai neman su, har dai jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara. A watan Yunin 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta yanke hukuncin cewa tsarin NCAA ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Abin lura shi ne, alƙalin da ya rubuta hujjar waɗanda suka ƙi yarda, Byron White, shi ne wanda ya fi kowa sanin wasan a cikinsu, domin tauraro ne a Jami'ar Colorado a ƙuruciyarsa, kuma fahimtarsa ita ce kuskure ne a auna wasan ɗalibai da ma'aunin fatauci zalla. Ba a bi ra'ayinsa ba, sai dai duk abin da ya biyo baya ya nuna ba a banza ya yi fargaba ba.

Da haƙƙin nuna wasa ya koma mallakar jami'o'i, sai kowa ya shiga lissafin darajarsa. Notre Dame, jami'ar Katolika da ke jihar Indiana, wadda ba ta cikin kowane rukuni a wannan wasa, ta ware ta ƙulla yarjejeniyarta ita kaɗai da tashar NBC daga 1991, kuma har yau suna tare. Rukunin SEC ya jawo Arkansas da South Carolina ya cika sha biyu, saboda wata ƙa'ida da ta halatta wa mai wannan adadi ya rabu gida biyu ya yi wasan ƙarshe na fitar da zakara, wanda shi kansa haja ce mai tsada. An yi na farko a 1992. A wannan shekarar ce kuma manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya don su riƙe kuɗin talabijin a hannunsu, ashe ciwon ba na ƙasa guda ba ne. Wanda ya fara kwana ciki shi ne tsohon rukunin Southwest, wanda bayan fitar Arkansas dukan jami'o'insa a jihar Texas suke, don haka ba shi da masu kallon da zai tallata sai na jiha ɗaya. A 1996 ya watse, huɗu suka sami shiga sabon rukunin Big 12, huɗu aka bar su suna neman mafaka.

To, mene ne sababin da ya sa gidajen talabijin ke zuba irin wannan dukiya? Sababin shi ne, fim ko wasan kwaikwayo mutum yana iya ajiye shi ya kalla gobe ya tsallake tallace-tallace, amma wasan ƙwallo in an san sakamakonsa ya zama labari, tilas a kalle shi lokacin da ake yinsa, tare da duk tallar da aka cusa a ciki. Sa'an nan a 2007 kwamishinan Big Ten, Jim Delany, ya zo da wata hikima, ya haɗa gwiwa da kamfanin Fox suka buɗe tashar rukunin ta kansa. A tsarin talabijin na biyan kuɗin wata-wata, kowane gida da tashar ke cikin jerin tashoshinsa yana biya mata wani abu, ko ana kallonta ko ba a kallo, kuma kuɗin ya fi yawa ƙwarai a jihar da rukunin ke da jami'a. Wannan lissafi ne ya sa a 2014 Big Ten ya karɓi Rutgers da Maryland, waɗanda ba su yi wani fice a wasan ba, illa dai ɗaya tana dab da birnin New York, ɗaya tana dab da Washington, inda gidaje miliyoyi suke. Daga ranar nan aka daina tambayar ko jami'a ta iya wasa kafin a tambayi gidaje nawa ke kewaye da ita.

Jami'ar Texas kuwa, da ta ga ta fi abokan zamanta kasuwa, sai ta buɗe tasharta ita kaɗai tare da gidan talabijin na ESPN a 2011, a kan dala miliyan 300 cikin shekara 20. Wannan ya ƙara rura husumar da ke cikin Big 12, wanda Nebraska da Colorado suka riga suka yi masa sallama, har maƙwabciyarta Texas A&M ta tattara ta koma SEC tare da Missouri a 2012, aka yanke wasan shekara-shekara da ita da Texas suka gada tun ƙarni na 19, ba a sake haɗuwa ba sai 2024.

Girgizar da ta fi kowace ta fara ne a watan Yulin 2021, sa'ad da Texas ɗin da Oklahoma suka bayyana cewa su ma SEC za su koma, rukunin da ESPN ya riga ya yi alkawarin biyansa kimanin dala miliyan 300 a shekara a kan wasannin da tashar CBS ke biyan miliyan 55. Shekara guda bayan haka, ranar 30 ga Yunin 2022, jami'o'i biyu na birnin Los Angeles, USC da UCLA, suka ce za su bar Pac-12 zuwa Big Ten, kuma ba a yi wata biyu ba Big Ten ya sa hannu da Fox da CBS da NBC a kan abin da ya haura dala biliyan 7 cikin shekara bakwai, aka yanka ranar Asabar uku, Fox ta ɗauki tsakar rana, CBS la'asar, NBC dare.

Labarin Pac-12 ya cancanci a tsaya a kansa, domin rukuni ne mai shekara fiye da ɗari, mai jami'o'in da suka shahara da ilmi da wasa baki ɗaya, kuma a 2011 shi ya fi kowa samun yarjejeniya mai tsoka. Kuskurensa na fari shi ne ya buɗe tashoshinsa ba tare da wani babban kamfani ya sa hannun jari ba, saboda haka ba wanda ya tsaya masa wajen shigar da su gidaje, har babban kamfanin DirecTV bai taɓa ɗaukarsu ba. Na biyu kuwa jinkiri ne, domin bayan tafiyar jami'o'in Los Angeles, yana nan yana jan ciniki sai Big 12 ya riga shi, ya sabunta da ESPN da Fox a Oktoban 2022 a kan abin da ya kai kusan dala miliyan 32 ga kowace jami'a a shekara. Da kwamishinan Pac-12, George Kliavkoff, ya zo wa shugabanninsa da tayi a ƙarshe, na kamfanin Apple ne, kallo ta intanet, kuɗin tabbas bai kai na Big 12 ba, ragowar kuma sai in an sami masu rajista da yawa. Colorado ta riga ta sanar da ficewarta a ƙarshen Yulin 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, da safen da ake sa ran a tabbatar da zama tare, Oregon da Washington suka sanar cewa Big Ten za su tafi, ko da kason da za a ba su bai kai na tsofaffin membobi ba, kafin dare kuma Arizona da Arizona State da Utah sun bi Colorado zuwa Big 12. Ba a cika wata guda ba Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda ke bakin Fasifik, suka shiga rukunin gaɓar Atlantika a kan ragaggen kaso, tare da SMU ta birnin Dallas, wadda ta yarda ta yafe kuɗin talabijin na shekara tara don dai a buɗe mata ƙofa, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ɗauki nauyin giɓin. Cikin sha biyu aka bar biyu, Oregon State da Washington State, waɗanda laifinsu kawai shi ne suna ƙananan garuruwan Corvallis da Pullman.

Masu kare wannan al'amari suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Suna cewa ƙwallon nan shi ke ciyar da sauran wasannin da ba sa kawo ko sisi, irin su ninƙaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda dokar 1972 ta wajabta a ba su dama daidai da ta maza, kuma shugaban da ya ga ninkin kuɗi ya ƙi, ya ci amanar makarantarsa. UCLA, misali, bashi ya yi wa sashen wasanninta katutu lokacin da ta yanke shawarar tafiya. Amma duk da haka, a ganina, nauyin ya faɗa kan wanda ba a shawarta ba. 'Yan ƙwallon suna wasa sau ɗaya a mako, sha biyu a kaka, galibi a jirgin da aka yi musu shata. Ɗaliba mai wasan ƙwallon raga ko kwando kuwa tana wasa a tsakiyar mako, sai ta taso daga Los Angeles zuwa New Jersey, tafiyar kusan kilomita 4,000 da bambancin agogo na sa'a uku, ta komo ta tarar da jarrabawa, alhali ba don wasanta aka yi ƙaurar ba. Kamfanin talabijin ɗan kasuwa ne, bai taɓa da'awar tarbiyya ba, don haka zargina ya fi karkata ga shugabannin jami'o'i, waɗanda suka yi shekaru suna hana ɗalibai ko kwabo da hujjar cewa su masu neman ilmi ne, su kuwa suna cinikin biliyoyi a kan guminsu. Wannan hujja ma kotuna sun rushe ta, domin bayan sulhun da wata alƙaliya ta amince da shi a Yunin 2025, an yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, abin da ya ƙara wa kowace ƙishirwar kuɗin talabijin.

Kada mai karatu ya zaci ƙura ta lafa don Big Ten ya kai jami'a 18, SEC kuma 16. Abin da ke riƙe da rukunin ACC takarda ce da membobinsa suka sa wa hannu, suka miƙa masa haƙƙin nuna wasanninsu har 2036, kuma Florida State da Clemson sun riga sun kai shi kotu don neman kuɓuta, sai da aka yi sulhu a 2025 aka ƙara wa waɗanda aka fi kallo kaso, aka kuma sassauta kuɗin fita a shekaru masu zuwa. Yarjejeniyar Big Ten za ta ƙare a 2030, ta Big 12 a 2031, ta SEC a 2034. Mai son sanin jami'ar da za ta sake barin maƙwabtanta, sai ya riƙe waɗannan shekaru, ya duba yawan masu kallon kowace a 'yan shekarun da ke gabaninsu.