Gasar Firimiya: miliyoyi na shiga aljihun ƙungiyoyi, amma nawa mai sharar filin wasa ke samu?

A watan Disamban 2023, hukumar gasar Firimiya ta Ingila ta sayar wa tashoshin talabijin na Birtaniya, ciki har da Sky Sports da TNT Sports, izinin nuna wasanninta na kaka huɗu a kan fam miliyar 6.7. Idan aka lissafa fam ɗaya a kan kusan sefa 770, kuɗin sun haura sefa miliyar 5,000, wato fiye da kasafin kuɗin Nijar na shekara guda. Wannan na cikin gida ne kawai. Abin da gasar ke samu daga ƙasashen waje ya riga ya zarce na gida, kuma a cikinsa har da kuɗin da masu gidajen kallon ƙwallo na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ke biyan Canal+ duk wata.

Duk da wannan arziki, an shafe fiye da shekara goma ana jayayya a Ingila kan albashin mutanen da kyamara ba ta nunawa: masu share filin wasa da banɗakuna, masu gadin ƙofofi, masu nuna wa ƴan kallo kujerunsu, masu girki da wanke-wanke, da masu sayar da riguna a shagunan ƙungiyoyi. Da yawansu albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi suke karɓa. Masu fafutuka na cewa wannan albashi ba ya riƙe mutum, musamman a birnin Landan.

Albashi iri biyu

Don a gane rigimar, sai an bambanta albashi iri biyu. Na farko shi ne wanda gwamnati ke ƙayyadewa, kwatankwacin SMIG na Nijar, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa jaka 42 a wata a farkon 2024. A Birtaniya da awa ake lissafinsa. An fara aiki da shi a watan Afrilun 1999 a kan fam 3.60 a awa, kuma a watan Afrilun 2025 ya kai fam 12.21 ga wanda ya kai shekara 21. Duk mai ɗaukar ma'aikata da ya biya ƙasa da haka ya karya doka.

Na biyu shi ne wanda za a iya kira albashin rufin asiri. Wata gidauniya mai zaman kanta, Living Wage Foundation, ke bayyana shi duk shekara, bayan masana sun lissafa abin da iyali ke kashewa a haya, abinci, wuta, kuɗin mota, sutura da renon yara. A watan Oktoban 2024 ta yanke fam 12.60 a awa ga sauran sassan ƙasar, da fam 13.85 ga Landan saboda tsadar rayuwar birnin. Babu dokar da ta tilasta wa kowa biyan wannan. Kamfani ne ke amincewa don kansa, sannan gidauniyar ta ba shi shaida. Fiye da kamfanoni da hukumomi 15,000 sun karɓi wannan shaida.

Tunanin ya samo asali a gabashin Landan a shekarar 2001, lokacin da majami'u, masallatai, makarantu da ƙungiyoyin ƙwadago na unguwannin suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar da yau ake kira Citizens UK. Iyaye ne suka koka cewa suna aiki biyu ko uku a rana, ba sa ganin ƴaƴansu, kuma kuɗin ba sa kai su ƙarshen wata. Sun fara matsa wa asibitoci da manyan bankuna lamba, daga baya suka juya kan ƙwallon ƙafa.

Fam 12 a awa, ina talaucin yake?

Mai karatu a Nijar zai iya mamaki, domin fam 12.21 ya haura sefa 9,000 a awa guda. Amma ana auna albashi ne da tsadar garin da ake cinsa. Wanda ke aikin awa 37 da rabi a mako a kan wannan farashi yana samun kimanin fam 23,800 a shekara, wato ƙasa kaɗan da fam 2,000 a wata, kafin a cire haraji. A Landan kuwa, matsakaicin kuɗin hayar gida ya wuce fam 2,000 a wata. Ke nan albashin wata gaba ɗaya bai biya hayar matsakaicin gida ba, balle a yi maganar cefane. Shi ya sa ƙananan ma'aikata ke cunkushewa a ɗaki ɗaya ko su tare a bayan gari, su riƙa shafe awoyi a bas kafin su isa wurin aiki. Da yawa daga masu aikin shara a Landan baƙi ne daga Afirka da Latin Amurka, waɗanda kuma ke aika wa dangi wani abu a gida.

A watan Afrilun 2025, tazarar da ke tsakanin albashin doka da na rufin asiri a Landan ta kasance fam 1.64 a awa. A ido kamar ba komai ba, amma ga mai cikakken aiki ta kai kusan fam 3,200 a shekara. A ɗaya ɓangaren, ɗan wasan da ke karɓar fam 200,000 a mako, kuma akwai irinsu da dama a manyan ƙungiyoyi, yana samun a kwana bakwai abin da mai shara zai yi fiye da shekara takwas yana tarawa.

Alkawarin 2015 da ramin da ke cikinsa

Maganar ta yi zafi a watan Fabrairun 2015, lokacin da gasar ta sayar da izinin nuna wasanni na kaka uku a kan fam miliyar 5.136. Ƴan jarida sun tambayi shugaban gasar na lokacin, Richard Scudamore, ko bai damu ba ganin ƴan wasa na kwasar maƙudan kuɗi alhali wasu ma'aikatan filayen na kan albashi mafi ƙanƙanta. Amsarsa ita ce ƙayyade albashi aikin ƴan siyasa ne, kuma ba a kafa ƙungiyoyin don aikin jinƙai ba. Martanin ya harzuƙa jama'a. A watan Maris na shekarar, ƙungiyoyi 20 na gasar suka amince za su biya albashin rufin asiri daga farkon kakar 2016-2017.

Sai dai alkawarin ya tsaya kan ma'aikatan dindindin masu cikakken aiki, waɗanda ƙungiya ta ɗauka da kanta. A nan gizo ke saƙar. Galibin masu ƙaramin albashi ba sa cikin wannan rukuni. Ƙungiya kan ba wani kamfani kwangilar shara, wani kwangilar gadi, wani kuma kwangilar abinci. Kamfanonin suna gasa da juna don su ci kwangilar, kuma hanya mafi sauƙi ta rage farashi ita ce matse albashi. Idan aka tambayi ƙungiyar sai ta ce ba ma'aikatanta ba ne. Idan aka tambayi ɗan kwangila sai ya ce abin da aka ba shi ke nan. Duk wanda ya taɓa aikin gadi ko shara a wani babban ofishi ta hannun kamfanin kwangila ya san wannan tsari.

Saboda haka ne gidauniyar ba ta bayar da shaidarta sai mai nema ya haɗa da ma'aikatan ƴan kwangila, matuƙar suna masa aikin aƙalla awa biyu a mako na tsawon mako takwas a jere. Ƙaramar ƙungiyar FC United of Manchester, wadda magoya baya suka kafa kuma suka mallaka, ita ce ta fara karɓar shaidar a 2014. Hearts ta Scotland da Luton Town suka biyo baya, kuma a watan Disamban shekarar Chelsea ta zama ta farko a gasar Firimiya. Everton ta shiga a 2016, daga baya West Ham da Liverpool da wasu ƙalilan. Shekaru bayan alkawarin 2015, yawancin ƙungiyoyin gasar ba su karɓi shaidar ba.

Wa ake fara taɓawa idan ruwa ya ƙare?

Annobar korona ta nuna matsayin ƙananan ma'aikata a fili. A watan Maris na 2020, bayan an dakatar da wasanni, gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, don kada kamfanoni su sallame su. Newcastle, Tottenham, Liverpool, Bournemouth da Norwich suka nemi cin moriyar shirin a kan ma'aikatan da ba ƴan wasa ba. Tottenham ta ƙara da rage kashi 20 cikin 100 na albashin ma'aikata 550. A lokacin ba a taɓa albashin ƴan wasa ba. Magoya baya da tsofaffin ƴan wasa suka yi ca, Liverpool ta janye cikin kwana biyu tare da neman afuwa, Tottenham da Bournemouth su ma suka janye.

A watan Agustan 2020 Arsenal ta sanar da sallamar ma'aikata 55. A watan Oktoba aka ji cewa mutumin da ya yi shekara 27 yana sanya kayan Gunnersaurus, dodon wasan da ke nishaɗantar da yara a filin ƙungiyar, shi ma ya rasa aikinsa. Labarin ya fito a ranar da Arsenal ta sayi ɗan wasan Ghana Thomas Partey a kan fam miliyan 45. Mesut Özil ya fito fili ya ce shi zai biya albashin mutumin daga aljihunsa.

A Manchester United, bayan attajiri Jim Ratcliffe ya sayi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar a farkon 2024, an soke guraben aiki 250. A watan Fabrairun 2025 aka sanar da soke wasu 150 zuwa 200, aka kuma daina ba ma'aikatan Old Trafford abincin rana kyauta. A tsakanin wannan lokaci, sallamar koci Erik ten Hag da mataimakansa da daraktan wasanni Dan Ashworth ta ci wa ƙungiyar fam miliyan 14.5.

Hujjar ƙungiyoyi da amsar masu fafutuka

Masu ƙungiyoyi na cewa kuɗin shiga daban, riba daban. Gaskiya ne da yawansu asara suke bayyanawa a ƙarshen shekara, kuma a shekarun baya dokar gasar ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku. An rage wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023-2024 saboda saɓa wannan ƙa'ida. Suna kuma cewa farashin kasuwa suke biya kamar kowane kamfani, kuma ƴan wasa ne ke jawo kuɗin.

Masu fafutuka na amsawa da lissafi. A kakar 2022-2023 ƙungiyoyin gasar sun samu fiye da fam miliyar 6, suka kashe kimanin miliyar 4 a albashi, mafi yawansa na ƴan wasa da masu horarwa. A ɗauki misalin ƙungiyar Landan mai ma'aikata 1,000 a ranar wasa, kowa na aikin awa shida, a wasanni 25 na gida a kaka. Ƙara musu fam 1.64 a awa zai ci fam 246,000 a kakar gaba ɗaya, ban da kuɗin inshorar ma'aikata. Wannan bai kai albashin kwana goma na ɗan wasa ɗaya mai fam 200,000 a mako ba. Asarar da ƙungiyoyi ke kuka da ita daga sayen ƴan wasa da sallamar koci take zuwa, tsintsiya da bokiti ba su da hannu a ciki.

Akwai kuma batun tsaro. Masu tsaron ƙofofi da matakala su ne ke kula da shiga da fitar mutane 60,000 ko 70,000, kuma dokar Ingila ba ta barin a buɗe filin wasa ba tare da isassunsu ba. Aikin da ba ya riƙe mutum, ba a daɗewa a cikinsa, sai a wayi gari sababbin hannu ne ke tsaye a ƙofa.

Farashin awa ba shi kaɗai ba ne

Ko an ƙara kuɗin awa, ma'aikacin ranar wasa na da wata matsalar. Wasannin gida na gasar 19 ne kawai a kaka, sai na kofuna. Da yawa suna kan yarjejeniyar da ba ta ba su tabbacin ko awa ɗaya ba: a kira su idan ana buƙata, a sallame su idan an ɗage wasa saboda tsarin talabijin. Don haka a 2019 gidauniyar ta fito da wani sabon ma'auni, wanda ke neman a ba ma'aikaci tabbacin aƙalla awa 16 a mako sai in shi ya nemi ƙasa da haka, a kuma sanar da shi jadawalin aikinsa mako huɗu kafin lokaci.

A watan Yulin 2025 Birtaniya ta kafa dokar da ta samar da hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan ƙwallon ƙafa a Ingila. Aikinta ya karkata ga lafiyar asusun ƙungiyoyi, tantance masu saye, da sauraron magoya baya. Albashin mai shara ya ci gaba da zama abin da mai ƙungiya zai yanke da kansa. Abin da ya faru a 2015 da 2020 ya nuna cewa masu ƙungiyoyi kan sauya shawara ne idan magoya baya suka ɗaga murya, domin suna tsoron zubewar mutuncin sunan da suke sayarwa a duniya. Tambayar da masu fafutuka ke so a riƙa yi wa kowace ƙungiya ɗaya ce: albashin da take alfahari da shi, ya haɗa da ma'aikatan ƴan kwangila ko bai haɗa ba.