Tsiro Mai Cin Ƙuda Ba Dodo Ba Ne

Na gaji da hoton nan da ake ta turo mini a WhatsApp, wai wata bishiya ta haɗiye mutum a daji. Ƙarya ce, tsohuwa ma kuwa. Tun 1874 jaridar New York World ta Amurka ta ƙaga labarin bishiyar Madagaska mai cin mutane, har yau ba wanda ya ga ko reshenta.

Tsirrai masu cin ƙwari kam akwai su. Wanda ya fi suna, Venus flytrap, a fadamun Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka kaɗai yake fitowa da kansa, kuma bakin tarkonsa bai fi kan babban yatsa ba. Ko Nepenthes rajah na dutsen Kinabalu a Borneo, mai ganye kamar tulu, iyakarsa ɓera ya faɗa ciki jifa-jifa. To, ina zancen ɗan Adam?

Abincinsu daga hasken rana yake, kamar na gero. Ƙasar da suke tsirowa ce ba ta da isasshen naitirojin, sai ƙwaron ya zame musu taki. Rashin sanin haka ke sa masu sayen Venus flytrap don ado su kashe shi da gata. Wani ya tura masa tsokar nama, tarkon ya ruɓe. Wani ya barbaɗa masa takin zamani, saiwar ta ƙone. Yara kuma su yi ta tsokanarsa da tsinke, alhali kowane tarko sau kaɗan yake rufewa kafin ya mutu. Shi ya sa sai an taɓa gashin cikinsa sau 2 cikin kamar daƙiƙa 20 yake kamawa, don kada ya yi asarar ƙarfi a kan ɗigon ruwa.

In ka saya, ka tara masa ruwan sama. Na rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa da ke taruwa ya kashe shi sannu a hankali. Kada ka dasa shi a ƙasar lambu. Ruɓaɓɓen gansakuka da yashi wankakke yake so, kullum a jiƙe. Ba shi rana sosai, ƙuda kuwa ya kamo abinsa. Yana kuma buƙatar hutun sanyi na kamar wata 3 duk shekara, abin da zafin garuruwanmu ba ya bari cikin sauƙi. Ka kuma tambayi mai sayarwa inda ya samo shi, domin tun 2014 tono shi daga daji babban laifi ne a Karolina ta Arewa.