Daren Hunturu a Bunkure da Jirgin da Ƙanƙara Ta Tsare

A makon nan da hunturu ya kankama a Bunkure, hazo ya lulluɓe gonakin alkama da na tumatir, har mai sammako a bakin magudanar ruwa yakan ji tarin abokin tafiyarsa tun bai hango rigarsa ba, wani ɗalibi daga cikin masu zama a zaurena bayan sallar isha'i ya kawo mini aron wani littafin Turanci wanda bangonsa ya fara rabuwa da jikinsa, ya ce, "Malam, wannan sai da sanyi yake daɗin karatu." Na jawo kaskon wuta kusa, na rufa da bargo, ina nufin in leƙa babi ɗaya in kwanta, sai ga shi ladan ya yi kiran assalatu littafin yana hannuna. Na kai tsakiyarsa yanzu, na kuma ga ya kyautu in shaida wa 'yan'uwana ma'abota karatu abin da ya fara ɗarsuwa a zuciyata, tun ƙarshen hikayar bai sauya mini hukunci ba.

Sunan littafin Murder on the Orient Express, watau kisan kai a jirgin ƙasan Gabas, talifin Agatha Christie ta ƙasar Ingila, wadda ta rayu daga 1890 zuwa 1976. An buga shi a 1934, shekarar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito daga Zariya bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Gwanin bincike Hercule Poirot, tsohon ɗan sanda na ƙasar Beljiyam, ya taso daga Halab ta ƙasar Sham, ya hau jirgi a Santambul zai nufi Turai ta yamma. Cikin dare kuwa, a ƙasar Yugoslabiya, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, jirgi ya tsaya cik, ba gaba ba baya, da gari ya waye aka tarar da wani attajiri mai suna Ratchett a mace cikin ɗakinsa, an soke shi har wuri goma sha biyu. Mawallafiyar ta san jirgin da kanta, kuma a 1929 ƙanƙara ta taɓa tsare shi kwanaki a ƙasar Turkiyya.

Mu nan sanyi ni'ima ne, domin tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya gangaro Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin rani yake roƙon Allah ya tsawaita hunturu, saboda alkama ba ta cika zangarniya sai da shi. A littafin nan kuwa sanyi ya zama kurkuku, ya kuma zama shaida. Tagar ɗakin mamacin a buɗe aka same ta, kamar wanda ya yi kisan ya dira ya gudu, amma ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta fes take, ba sawu ko ɗaya; ke nan mai laifi yana cikin taragon, yana cin abinci tare da jama'a, yana jajanta musu. Duk wanda ya taɓa ganin masu bin sawu sun tsuguna a kan laka da safe bayan an sace injin ban ruwa, suna auna faɗin takalmi da yatsa, suna duba inda dugadugi ya nutse saboda nauyin kaya, zai fahimci wannan hujja ba tare da sharhi ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaman da Poirot ya yi a taragon cin abinci, tare da wani jami'in kamfanin jirgin da wani likita Bagirke, yana kiran matafiya ɗaya bayan ɗaya, alhali ba shi da hanyar aika tambaya waje don tazkiyar kowa. Wallahi sai na tuna majalisar alƙali. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe suna bahasi a kan bambancin bayyina da ƙarina, watau shaidar adilai da alamar da hali ke nunawa, suna kafa hujja da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, inda yagewar riga ta baya ta wanke shi. A nan ma ƙarinoni ne zube: agogon da ya tsaya a ƙarfe ɗaya da kwata, hankicin mace mai harafi ɗaya, guntun takardar da aka ƙona bai gama cinyewa ba, da raunukan da wasu suka yi zurfi wasu kuwa ƙarzane kawai. Gwanintar mai binciken ita ce ba ya gaggawar gaskata alama, yana fara tambayar kansa ko an ajiye ta ne domin a ɓatar da shi.

Akwai wuri guda da ya tsaya mini a rai. Kafin kisan, Ratchett ya nemi Poirot ya tsare shi, ya yi tayin dala dubu ashirin, Poirot ya ƙi don fuskarsa ba ta kwanta masa ba. Firasa ilimi ce, ban musa ba, amma juya wa mai neman mafaka baya saboda kama abu ne mai nauyi a wurinmu. Daga baya aka gano cewa mutumin shi ne ya sace wata yarinya 'yar shekara uku a Amurka, ya karɓi fansa, aka tsinci gawarta, ya kuma kuɓuce wa kotu. Nan zuciyata ta karkata, na ji ina cewa alhaki ne ya kama shi, sa'an nan na tuna ƙisasi hakkin waliyyan jini ne amma zartar da shi na hukuma ne. Har yanzu ina tsakanin biyun.

Aibin littafin a wurina yawan sunayen baƙi, har sai da na rubuta su a bayan takarda ina dubawa.

Marubutanmu sun nuna Hausa tana ɗaukar labari mai tsinka zuciya, shaida Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, duka na 1982. Ina roƙon samarinmu masu alƙalami su dubi hunturun nan namu, da hazonsa, da masu gadin tumatir a bukkoki, da motocin da ke lodi cikin duhu a Kwanar Gafan, su ba mu hikayar da za ta tsaya a kansa. Wanda kuma ya riga ni sauke littafin nan, don Allah ya riƙe mini sirrinsa har in kammala shi.